Sai Na Tsoma Shi a Ruwa

Litinin, 5 ga Mayu

Na dawo aiki na tarar da gidan tsit. Uwar yara ta cire na'urar wasan nan daga jikin talabijin, ta naɗe ta da tawul, ta ɗora saman durowar kaya, kamar wadda ta kama maciji.

Ga abin da ya faru, yadda na tattaro shi. Jiya Auta ta leƙa ɗakin yayanta yana cikin wasa, ta ga an fasa kan wani abu, jini ya fantsama a allon. Shekararta shida. Tun daga nan ta ƙi shiga banɗaki ita kaɗai. Yau kuma a makaranta aka tambayi kowane yaro abin da 'yan gidansu ke yi, ta miƙe ta ce, "Babana yana duba tukunyar gas, yayana yana kashe mutane." Malamarsu ta kira uwar yara a waya.

Na so in yi dariya, na ga fuskarta, na haɗiye.

Ta ce in mayar wa ƙanenta abinsa, tunda shi ya kawo mana wannan jaraba. Babba yana tsaye jikin ƙofa. Shekararsa sha huɗu, ya kusa kamo ni tsawo. Ya buɗe baki, i'inar ta kama shi a kalmar farko kamar kullum, "B-b-b..." Haɓarsa tana rawa. Ba na iya kallon wannan. Na ce, "Ba za ka sake ba, na ji, je ka." Ya kalle ni, ya shige ɗaki.

Na roƙe ta ta ba ni zuwa ƙarshen wata. A wurin aiki ban taɓa jefar da tukunya don wani ya ce yana jin wari ba. Sai na tsoma ta a ruwa na ga kumfa da idona. Ta ce, "To malam mai tsomawa, Allah ya ba da sa'a."

Ban sani ba ko adalci nake yi ko tsoron yanke hukunci.

Talata, 6 ga Mayu

Na ba Dogo labari muna bakin kwamin gwaji. Shi ke ɗaga min tukwane yana sauke su cikin ruwa, ni ina dubawa ina buga tambari. Ya ce da shi ne da tuni guduma ta gama magana. Na tuna masa 'ya'yansa duka suna kwana da waya a hannu. Ya ce, "Ai shi ya sa nake ba ka shawara, ni tawa ta ƙare."

Na duba kwalin wasan da na dawo. An rubuta shekara sha shida zuwa sama. Saura shekara biyu ke nan. Da tukunya ce, wannan kaɗai ya isa. Amma wanda ya rubuta lambar nan bai san ɗana ba. Ni ma ɗin, gaskiya...

Alhamis, 8 ga Mayu

Na kira kawunsu. "Haba Yaya, duk sa'anninsa suna yi, ni ma na yi, ga ni lafiya lau." Na ce masa wannan "lafiya lau" ɗin sai an kafa kwamiti. Ya yi dariya ya ce ƙwari ne kawai ake harbi, ba mutane ba. Na ce to jinin da Auta ta gani fa? Ya ce netiwok ba kyau.

Na biya makarantar Babba da rana. Malamar ajinsu ta ce bai taɓa faɗa da kowa ba, bai taɓa zagi ba. Na fara jin daɗi. Sai ta ƙara da cewa bai kuma taɓa ɗaga hannu ba, kuma in ta rufe ido ba za ta iya tuna muryarsa ba. Ta faɗa ne kamar yabo. Na tafi da maganar a ƙirji har wurin aiki.

Asabar, 10 ga Mayu

Gwajin farko. Na jira sun fita kasuwa su uku, na sauko da na'urar. Haɗa wayoyin bai ba ni wahala ba. Wasan ne ya ci mutuncina.

Labarinsa dai: mutane sun kafa tasha a wata duniya can nesa, wasu halittu masu kama da kyankyaso da jikin ƙarfe suna kawo hari. An ba ka bindiga mai fitar da wuta shuɗiya. Ni na fi rabin lokacin ina kallon rufi, don yatsan da ke juya kai daban, wanda ke tafiya daban. Na faɗa rami. Na sake faɗawa ramin. Na harbi bango har harsashi ya ƙare, sai wani ƙwaro ya zo ya cinye ni a nutse, ba gaggawa.

Amma na ga abin da na zo gani. In ka same su suna fashewa, ruwa kore ya wanke allon. In suka sami naka mutanen, ja ne, kuma ana jin ihun. Akwai wani soja da aka tsinke wa hannu yana jan jiki. Na kashe talabijin na zauna.

In ana neman kumfa, yau na ga kumfa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Babban yatsana na ciwo. Na ce wa uwar yara sifana ce ta matse ni.

Laraba, 14 ga Mayu

Akwai wata ƙofar ƙarfe a wasan da na kasa wucewa tun Asabar. Ba zan iya yanke hukunci a kan abin da na ga bakin ƙofarsa kawai ba. Da yamma na haɗiye girman kai na ƙwanƙwasa wa Babba. Tun ranar nan gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu, ita ma da ka.

Ya zauna gefena a kujerar falo, ya bar tazara kamar ta mutum ɗaya. Na riƙe rimot ɗin, ya kalli yadda na riƙe, na ga ya cije leɓe.

"Hagu, Baba."

Na yi dama.

"Hagunka. Ɗayan. Yauwa. Kada ka harbi ƙofar, ba ta ji. Akwai akwati ja a bayan bututun can, shi za ka fasa. Durƙusa! Baba, durƙusa mana, kana tsaye kamar mai jiran mota!"

Na durƙusa, na fasa akwatin, ƙofa ta buɗe. Na yi murna kamar yaro. Sai can abin ya faɗo min: jimla nawa ke nan ya jero ba tuntuɓe? Har da ba'a. Ɗana ya yi min ba'a. Na juya na zuba masa ido.

Yana ganin na juyo, shi ke nan. Ya so ya faɗi wani abu, harshen ya maƙale. Na ce, "Ci gaba za mu yi ko? To." Ya ɗaga kafaɗa. Daga nan da yatsa ya riƙa nuna min hanya.

Ban gane ba. Da na kalli allo yana magana. Da na kalle shi ya daina. Wataƙila dace ne. Gwaji ɗaya ba ya zama hujja.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na gaya wa uwar yara gobe zan bar shi ya yi wasa da abokansa ina zaune, don in ga yadda yake a cikinsu. Ta ce, "Gwajin nan naka kullum ƙara faɗi yake." Ta yarda dai, bisa sharaɗin za ta kai Auta gidan maƙwabta.

Asabar, 17 ga Mayu

Zan rubuta wannan dalla-dalla don kada in manta.

Su huɗu ne, kowa daga gidansu, suna magana ta abin kunne. Na sa ya fito da sautin ta talabijin don in ji. Na ja kujera can baya, inda ba zai ga fuskata ba. Kowa da sunan da ya sa wa kansa. Akwai Ƙwaro, ɗan ajinsu, bakinsa ba ya hutawa. Akwai Gajere, wanda aka ce ya fi kowa tsawo. Akwai yarinya ɗaya, Fitila, 'yar'uwar Ƙwaro. Ɗana kuma, wanda malamarsa ba ta san muryarsa ba, sunansa Tsawa.

Ƙwaro na shigowa ya ce, "Tsawa ya dawo daga kurkuku! An yi maka afuwa ne ko beli?"

"Babana na ji," in ji Babba.

Sai muryoyi uku a tare, cikin ladabi kamar an taka musu birki: "Ina wuni, Baba." Na amsa.

Aka fara. Ashe shi ne mai ba da umarni. Shi ke hawa sama ya hango, ya ce wa wannan tsaya nan, wancan ya zagaya ta baya. "Fitila, riƙe gadar. Gajere, kada ka bi shi, tarko ne. Ƙwaro, rufe bakinka ka ɗauko Gajere, ya faɗi." Murya ce ta babban mutum, a daidaice, ba ihu. Ina zaune a baya ina kallon ƙeyarsa, ƙeyar da na sani tun tana cika tafin hannuna, ina jin muryar wani baƙo na fita daga gabanta.

I'inar ba ta tafi gaba ɗaya ba, ban so in yi wa kaina ƙarya. Tana zuwa jefi-jefi. Sau ɗaya ta zo a mugun lokaci. Ƙwarin sun rufo su ta ko'ina, duk suna jiran ya faɗi inda za su gudu, sai ya maƙale. Ina jin numfashinsa. Na san kalmar, na rantse na san ta, tana kan harshena, har na ɗaga daga kujera. Su kuwa ba wanda ya ce uffan. Ƙwaro, mai bakin nan, shiru. Ana ta cin su suna tsaye. Har aka kashe Ƙwaro yana jira. Sannan maganar ta fito, suka bi, sauran ukun suka tsira.

Da aka gama na karɓi abin kunnen na tambayi Ƙwaro me ya sa bai taya shi ba, ga shi har ya mutu.

Ya ce, "Baba, ai mun taɓa gwadawa. Da farko in ya maƙale sai mu cika masa, kowa ya ruga inda yake zato. Mutuwa muka riƙa yi kamar kiyashi. Shi ke sama, shi ke gani. Gara ni in mutu sau ɗaya da mu mutu mu huɗu."

Fitila ta ce, "Kuma mutuwar Ƙwaro hutu ce ga kunnuwanmu."

Suka yi ta dariya, har da nawa. Na mayar masa da abin kunnen na fita tsakar gida na tsaya ina kallon igiyar shanya, ban san me nake kallo a jikinta ba.

Talata, 20 ga Mayu

Don kada in ruɗi kaina, yau na ce ya nuna min ɗaya ɓangaren. Na lura akwai shi a jerin farko, yana tsallake shi in ina wurin.

A nan ba ƙwari. Mutum da mutum ne, da baƙi daga ko'ina, kowa na farautar kowa. In ka kayar da mutum kana iya matsowa ka gama da shi da wuƙa, a kusa, ana nuna fuskarsa. Wasan har ƙarin maki yake bayarwa a kan haka. Wannan shi ne abin da Auta ta gani. Kawunsu da "ƙwari ne kawai".

Kuma bakunan mutanen! Wani ƙato, daga muryarsa ya haifi Babba, ya ji ya maƙale a kalma ɗaya sai ya fara kwaikwayonsa yana dariya. Kafin in motsa Babba ya latsa wani abu, muryar ta ɗauke. Ko kallon rimot ɗin bai yi ba. Yatsan ya san hanya. Wato ba yau aka fara ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Na karɓa na ce bari in gwada. Kuskure. Wani ya kashe ni, na dawo ya sake kashe ni, na dawo ya tsaya a kan gawata yana rawa. Ban san lokacin da wata ashar ta fita daga bakina ba, irin wadda ko a wurin aiki ba na yi. Babba ya zaro ido. Uwar yara ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Wai wa ake gwadawa ne, wasan ko kai?"

Har muka gama cin abinci ina tsine wa mutumin a zuci. In mai shekara arba'in da ɗoriya ya zama haka, ina ga yaro?

Yau na karkata ga mayar da ita.

Alhamis, 22 ga Mayu

An kawo wata tukunya, jikinta garau, kan ne kawai ke yoyo. Na canja kan, na sake tsomawa, ba kumfa, na buga tambari. Na ce wa Dogo ka ga, ba komai ake jefarwa ba, wani abin ɓangare ɗaya ake cirewa. Ya gane inda na dosa.

Ya ce, "Malam, ɗanka ba tukunya ba ne. Tukunya ba ta zuwa gidan abokinta ta yi yoyon a can."

Ya ɓata min rai don gaskiya ya faɗa. In na hana a nan, gidan su Ƙwaro ba nisa. In na bari, ni na bari.

Asabar, 24 ga Mayu

Mun yi 'yar sa-in-sa da uwar yara da safe. Ba ta yi rashin hujja ba. Ta ce in ya tashi daga wasan idonsa ja, in Auta ta taɓa shi sai ya daka mata tsawa. Ta ce ba ta raine shi don ya zauna yana koyon inda ake soka wa mutum wuƙa ba. Ta ce ni wasan ya fara shiga raina ne, shi ya sa nake jan ƙafa.

Na roƙe ta abu ɗaya. In sun fara da abokansa, kada ta shigo, kada ta kalli allon. Ta tsaya bayan labule ta saurara kawai.

Ta tsaya. Ina hango ƙafafunta ta ƙasan labulen. Na zaci minti biyu za ta yi ta koma kan girkinta. Ƙafafun ba su motsa ba har na fara jin ƙauri.

Da na same ta a kicin tana kankare tukunya da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka tun yana aji uku." Ta ci gaba da kankara. Can ta ce, "Kuma duk maganar a harbi wannan, a harbi wancan." Na ce ba duka ba, ai ta ji yana cewa a ɗauko wanda ya faɗi. Ta ce ta ji. Ta ce, "Me ya sa su yake yi wa, ba mu ba?"

Na san amsar, ina jin ita ma ta sani.

Lahadi, 25 ga Mayu

Auta ta shiga banɗaki ita kaɗai. Ta bar ƙofa a buɗe tana waƙa da ƙarfi, amma ta shiga.

Laraba, 28 ga Mayu

Na sa ido a kan teburin cin abinci kamar yadda nake sa wa kwamin ruwa. Abin kunya. Babba ya buɗe baki, kafin sautin farko ya gama fita uwarsa ta miƙa masa gishiri. Ya sake, Auta ta ce, "Ruwa yake so." Ya juyo wurina, na ji bakina yana cewa, "Kuɗin littafi ko? Gobe." Ni da na zauna da niyyar yin shiru! Ya ci abincinsa da gishirin da bai nema ba, ya sha ruwan, ya tashi.

Duk don tausayi muke yi. Ba ma son ganin yana wahala. Yaro ɗan sha huɗu mai suna Ƙwaro ya fi mu haƙuri.

Asabar, 31 ga Mayu

Ranar hukunci. Na kwana biyu ina tsara yadda zan zaunar da shi a falo in yi masa bayani. Da safe na fasa. Na ce ya zo ya riƙe min keken Auta, sarƙa ta zame. Muka tsuguna gefe da gefe, idona a kan sarƙa, nasa a kan taya.

Na gaya masa abin da muka tsayar da uwarsa. Na'urar za ta zauna, amma a falo, ba a ɗakinsa ba, kuma ba a gaban Auta ba. Da abokansa ukun nan, a kan ƙwarin, na yarda. Ɓangaren baƙi da wuƙa kuwa babu shi, sai ya kai shekarun da aka rubuta a kwali, sannan mu sake zama. Kuma ranar Asabar kawai.

Na zaci zai gyaɗa kai ya tafi. Sai na ji ya ja numfashi.

Ya yi gardama da ni. Ɗana. Ya ɗauki lokaci, ya maƙale ya fi a ƙirga, wani wurin har na ji kamar in kama kalmar da filaya in zaro masa. Na danne harshena da haƙori, na yi ta shafa wa sarƙar man da ba ta buƙata. Ya ce ɓangaren baƙin bai dame shi ba, dama Gajere ne ke jan su can. Amma Asabar kaɗai ba adalci ba ne, don Fitila ta fara zuwa ɗinki ranar Asabar da rana, in babu ita ba mai riƙe musu gada. Ya ce a ba shi Laraba da yamma in ya gama aikin makaranta, in makinsa ya sauka a karɓe. Ya ce kuma maganar daka wa Auta tsawa gaskiya ce, amma a tambaye ta me take yi da wayar abin kunnensa.

Na ce Laraba sai na tambayi uwarsa. Daga taga muka ji an ce, "Awa ɗaya." Ashe tana nan.

Da muka ɗora sarƙar, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Ranar da aka naɗe na'urar a tawul, da ya tsaya jikin ƙofa, me ya so ya ce?

Ya juya feda da hannu, tayar ta yi ta zagayawa. Ya ce so ya yi ya gaya mana ana iya kashe jinin. Akwai wurin da ake latsawa, ja da koren duka su ɓace, ihun ma ya ragu. Ya ce ya so ya nuna mana tun ranar.

Kusan wata guda ina gwaji. Yatsa ya kumbura, na yi ashar a gaban iyalina, abinci ya ƙone. Na ce, "To me ya hana ka faɗa daga baya?" Ya ce, "Ai ka ce ka ji."

Mun kashe jinin da yamma. Ƙwarin yanzu tartsatsi suke yi su watse. Har yanzu harbi ne, ban ce ba harbi ba ne. Ban buga wa abin nan tambari da zuciya ɗaya ba, kuma in na ga kumfa zan sake sauko da tawul. Na gaya masa haka. Ya ce ya yarda.

Laraba, 4 ga Yuni

Awa ɗaya ta zama awa ɗaya da kwata. Na tsaya a kansa, ya kashe yana ƙunƙuni. Ƙunƙunin ma a jere ya fito.

Asabar, 14 ga Yuni

Ba wani abu yau. Mun je aski ni da Babba, a ƙafa, don babur ɗin yana wurin gyara. Rana ba zafi sosai.

A hanyar dawowa ya fara ba ni labarin makaranta ba tare da na tambaya ba. Wai an raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni zai fitar da mutum ɗaya ya yi bayani a gaban aji, Ƙwaro ya miƙe ya ba da sunan Babba. Ya ce da farko ya so ya shaƙe shi. Ina tafiya ina kallon gabana, kwata, shagon mai faci, wata akuya a kan tarin yashi.

Ya ce, "Na gaya wa malama zan..." sai ya maƙale.

Na san abin da zai ce. "Zan fasa." Ko "zan ba wani." Har na shirya abin da zan ce masa, cewa ba komai, wata rana. Muka wuce shagon mai faci. Muka wuce turken wuta. Ina jin numfashinsa a gefena, ina ta karanta allon wani mai sayar da fenti kamar zan saya. Mun kusa kwanar gida sannan ta fito.

"...zan yi. Amma allo zan riƙa kallo, ba su ba."

Na ce to, hakan ma ya yi. Na ce ya tuna min mu sayi burodi.

Gajere ya yi tafiya, wai suna neman na huɗu yau da yamma. Ƙwaro ya aiko a tambaye ni. Na ce zan zauna ne kawai don sa ido, tunda dama aikina ne. An ce in riƙe gada, kuma in an ce hagu, hagu ake nufi.